Wakilinmu Ne, Ko Yaron Mai Gida?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Kano zuwa Bichi, a kwanakin yaƙin neman zaɓen 2023, ya ga abin da muka gani. Babu gindin gawo ko na tsamiya da ke bakin titi wanda ba a manna masa hoton ɗan takara ba. Amma in mutum ya tsaya ya duba da kyau, sai ya tarar fuskar mai neman kujerar Majalisar Dokoki ta Jiha ita ce ƙarama a jikin takardar, tana can ƙasa a rakuɓe, alhali fuskar ubangidansa ta cinye rabin fili. Sunan jam'iyya na nan, launin hula na nan, kirari na nan. Abin da mutumin yake nufin yi in ya shiga majalisa, shi ne dai ba za ka gani ba ko da da tabarau ka duba. Ga shi kuwa zaɓen 2027 ya doso, masu buga hotuna sun fara wasa wuƙa, shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana tun ba a sake rufe mana bishiyoyi da fuskoki ba.

Mu da ke wannan magana, yawancinmu 'ya'yan wannan karkara ne. Da kuɗin wake da gyaɗa da ɗan akuyar da uwa ta turke aka biya mana kuɗin makaranta. Ƙasar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har Makoɗa da Tsanyawa, ƙasa ce da mutane suka cika ta tun kafin zuwan Turawa, gida na kallon gida, gona na jingine da gona, ba saura ba fako. Wani masani Bature, Michael Mortimore, ya shafe shekaru tun daga wajen 1960 yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa 'yar kaɗan ba tare da sun kashe ta ba. Abin da ya tarar iyayenmu sun riga shi sani: jaki ya kai itace birni ya komo da mangalar taki, a shuka gero da dawa a ratsa wake, a ajiye harawa don dabba, dabba ta mayar wa gona. To amma gonar da kaka ya bari ana ta raba ta gado bayan gado, har ta kai magidanci yana da abin da bai fi ya ci wata biyar ko shida ba. Sauran watannin daga kasuwa yake ci. Wanda duk bai fahimci wannan ba, bai kamata ya nemi wakiltar mutanen nan ba.

Kafin mu tuhumi kowa, bari mu yi adalci mu faɗi iyakar ikon kujerar. Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya al'amuran kuɗin ƙasa, da kwastan, da shige da fice, da 'yan sanda. Saboda haka ɗan takarar majalisar jiha da ya hau mumbari a Kunci ya rantse zai sauko da farashin man fetur, ko zai buɗe iyaka, ko dai bai san aikin da yake nema ba, ko kuwa ya san mu ba mu sani ba. Abin da ke hannunsa kuwa ba kaɗan ba ne. Ba a taɓa kwabo daga baitulmalin jiha sai da amincewar majalisa, bisa ga sashe na 120 da na 121. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar kowace ma'aikata da kowane kwamishina, na 129 kuma ya ba ta ikon kiran mutum ya zo ya yi bayani, in ya ƙi a kamo shi. Dokar ƙananan hukumomi ita ke yin ta. Mutum 40 ne ke zaune a zauren, suna wakiltar ƙananan hukumomi 44, kuma an wajabta masu zama na kwana 181 aƙalla a kowace shekara. Abin mamaki shi ne, 'yan takararmu sun fi son yin alkawari a kan abin da ba su da iko da shi, su yi gum a kan abin da yake aikinsu. Dalili a fili yake: alkawarin da ba naka ba, ba wanda zai kama ka da shi.

Mu ɗauki tsadar rayuwa, tun da ita ce ke bakin kowa. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari bisa ƙididdigar gwamnati kanta, har abin ya fito da matasa kan titunan Kano a farkon Agusta. Mutanen birni kan ɗauka wai manomi ya ji daɗin wannan tsada. Wane manomi? Ƙaramin manomi da kaka yake sayarwa, lokacin da hatsi ya fi arha, don ya biya bashin taki da ƙodago, ya yi wa 'ya gara, ya sayi magani. In bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi tiyar geron da ya sayar, a ninkin kuɗinta. Ribar tana wurin wanda ke da sito da jarin da zai iya jira. Da farashin hatsi ya faɗo a 2025 kuwa, bayan an sassauta shigo da abinci daga waje, kuɗin takin zamani bai bi shi ƙasa ba, sai ga mai noman masara da shinkafa a bakin madatsar Watari ko ta Tomas yana lissafin buhu nawa zai sayar kafin ya sayi buhun taki ɗaya. Tsada ta cuce shi, arha ta cuce shi.

A watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da rashawa ta jiha ta je kasuwar Dawanau ta garƙame waɗansu rumbunan ajiya bisa zargin ɓoye abinci. An yi ta tafi a rediyo. Mu dai ba mu tafa ba, don kwado a ƙofar sito ba ya canza dalilin da ya sa talaka ke sayarwa da arha ya saya da tsada. Abin da muke so mu ji daga bakin mai neman kujerar Dawakin Tofa, wanda kasuwar ke cikin mazaɓarsa, da takwarorinsa na Bichi da Ɗambatta, shi ne matsayinsu a kan abubuwan da doka da kasafi za su iya taɓawa. Shin zai goyi bayan a ware kuɗi a kasafi don gwamnati ta sayi hatsi da kaka a farashin da ba zai karya manomi ba, ta fito da shi da bazara? Takin da kamfanin KASCO ke haɗawa, ta hannun wa zai bi, kuma a wane wata zai iso: kafin shuka, ko bayan gero ya yi kai? Rasit nawa ya halatta a yanka wa mai buhu biyu ko mai tunkiya ɗaya tsakanin ƙauyensu da kara? Wannan na ƙarshe musamman, ba ruwan Abuja da shi. Harajin kasuwa da na tasha, dokar jiha ce ke halatta wa ƙaramar hukuma karɓarsu, dokar jiha ce kuma za ta iya taƙaita su.

Kada wani ya ce ai siyasar ƙauye ba ta san manufa ba. Iyayenmu sun san ta sarai. Tun daga kafa NEPU a 1950 talakan Kano ya san abin da Malam Aminu Kano da mabiyansa suka ce game da haraji da aikin tilas da mulkin En'e, ya kuma sha ɗauri da bulala saboda wannan sanin. Da PRP ta ci Kano a 1979, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Ana iya yin gardama a kan ko matakin ya raunana asusun ƙananan hukumomi, mun ma ji dattawan ma'aikata suna yin ta. Amma ba wanda zai ce mai jefa ƙuri'a bai san abin da ya saya ba. Yau fa? Atamfa, taliya, sabulu, da 'yan dubban da ba za su kai Juma'a ba.

Ba wai majalisar ba ta iya aiki da sauri ba ne. A watan Mayun 2019, cikin 'yan kwanaki ta yi dokar da ta kafa masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. A ranar 23 ga Mayu, 2024, wata majalisar ta yi dokar rushe masarautun, gwamna ya sa hannu a ranar. Ba mu shiga rigimar sarauta a nan ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, in Gidan Gwamnati na son abu, karatu na ɗaya da na biyu da na uku ba sa ɗaukar mako. Mutanen Bichi sun kwana da sarki mai daraja ta ɗaya, sun wayi gari babu, ba a tambaye su ba a karon farko, ba a tambaye su ba a na biyu. Ina ma a ce ɗakin haihuwa na samun rabin wannan gaggawa.

Wannan ya kawo mu ga lafiya, inda abin ya fi ciwo, domin a nan dokoki ma akwai su. A 2016 aka yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ake yankar wani abu daga albashin ma'aikata dominta, kuma masu karanta wannan mujalla da suka fara aiki sun ga yankan a takardar albashinsu. A 2017 aka kafa asusun amana na lafiya, aka ce a riƙa zuba masa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shiga na cikin gida, da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi. Daga sama kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko. Jihar na da mazaɓu 484, manufar kuwa ita ce kowace ta sami asibiti ɗaya mai aiki. A takarda, ba abin da ya rage. Amma ɗaya daga cikinmu ya taɓa raka matar wansa wani ƙaramin asibiti a ƙauyensu da tsakar dare tana naƙuda, ya tarar da gini sabo fil, fenti na ƙyalli, allon ɗan kwangila na tsaye, ƙofa kuwa a kulle, ma'aikaciya ɗaya tilo da aka turo tana kwana a birni don ba a tanadar mata wurin zama ba. A bayan a-kori-kura aka ƙarasa da matar babban asibiti, an biya kuɗin mai ninki biyu. Allah ya sa ta rayu. Kowane ɗalibi daga wannan yanki yana da irin wannan labari, waɗansu nasu bai ƙare haka ba.

'Yan majalisarmu sun fi son gini, domin gini ana ɗaukar hotonsa, ana rubuta suna a jikinsa. Albashin ungozoma ba ya hoto. Ga makarantar koyon ungozoma a Ɗambatta tana yaye ɗalibai, ga 'yan mata da samari da suka gama makarantun kiwon lafiya suna aikin sa-kai shekara da shekaru ba a ɗauke su ba, ga kuma asibitocin da ba kowa. Haɗa waɗannan uku aikin kasafi ne, kasafi kuwa aikin majalisa ne. Sa'ad da cutar mashaƙo ta ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, Ungogo na cikin wuraren da ta fi tsanani, yawancin yaran kuwa ba a yi masu rigakafin da ake bayarwa kyauta ba. Wannan ba ƙaddara kaɗai ba ce, alama ce ta cewa matakin farko ya ruɓe. Tambayar da za a yi wa ɗan takara ba ta da wuya: nawa aka ware wa lafiya bara, nawa aka saki a zahiri, kuma in kuɗin asusun amana ba su shiga yadda doka ta ce ba, zai yarda ya kira kwamishinan jam'iyyarsa gaban kwamiti? Wanda ya amsa da cewa shi yakan biya wa marasa lafiya kuɗin magani daga aljihunsa, mu gode masa, mu gaya masa sadaka daban, wakilci daban.

Batun zaɓe kuwa, a nan ne ba mu tsammanin jin gaskiya cikin sauƙi, don kowa na da kashi a gindinsa. Zaɓen gwamna da na majalisa hukumar INEC ke yin su, ba ruwan dokar jiha. Amma zaɓen ƙananan hukumomi na KANSIEC ne, gwamna ke naɗa shugabanninta, majalisa ke tabbatar da su, ita ke yi mata doka. Mu duba sakamako. A 2018 APC na mulki, ta cinye kujeru 44 duka, a zaɓen da hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a suka zagaya duniya. A 2021 ta sake cinye 44. A watan Oktoban 2024 NNPP na mulki, ita ma ta cinye 44 da kansiloli 484. Jihar da a zaɓen majalisa na 2023 ta rabu 26 da 14, ita ce wai ba a sami mazaɓa ko ɗaya da ta saɓa ba! Wanda ya yi kuka jiya shi ke dariya yau, dabarar dai ɗaya ce. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma ciyaman da gwamna ya ɗora, ko an sa masa kuɗin a aljihu, ya san ƙofar da zai kai su.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Mazaɓu huɗu ne a jihar suka haɗa ƙananan hukumomi bibbiyu, uku daga ciki a yankinmu suke: Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Ghari, Rimin Gado da Tofa. Da wakilin Bagwai da Shanono ya rasu a 2024, sai da aka haura shekara guda kafin a cike gurbinsa a watan Agustan 2025, an yi kasafi sukutum ba mai magana da yawun ƙananan hukumomi biyu. Ranar zaɓen cike gurbin kuwa, 'yan sanda suka ce sun kama ɗaruruwan matasa da makamai. 'Ya'yan wa? Ba 'ya'yan 'yan takara ba ne, ƙannenmu ne da gona ta kasa riƙewa. Muna so kowane mai neman kujera ya faɗa a bainar jama'a ko zai goyi bayan dokar da za ta raba KANSIEC da aljihun gwamna, ko da gwamnan nasa ne, ya kuma faɗa ko wa ke ciyar da yaran da ke bin motarsa da gora.

Saura maganar baƙi. Tun da aka cire Jigawa a 1991, Jihar Kano ba ta da iyaka da wata ƙasa, shige da fice kuma mun riga mun ce na Tarayya ne. Duk da haka hanyar Ɗambatta ita ce ta Kazaure da Daura da Damagaram, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta nan aka zana shi. Da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, kasuwannin dabbobi da na hatsi na yankin nan sun ji a jikinsu. Mutanen Nijar da ke zuwa cin rani, masu ga-ruwa, masu gadi, masu shayi, ba jiya suka fara ba, farin 1973 ma ya koro dubbai, iyayenmu suka ba su masauki. Birnin da ke da unguwannin Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi bai kamata a koya masa amfanin baƙo ba.

Amma muna jin iska na sauyawa. Tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga Jihar Katsina suna kai hari ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, tsoro ya shiga, tsoro kuwa abinci ne ga ɗan siyasa mara manufa. Ba ma raina fargabar mutumin da aka ɗauke masa mata da dare. Haƙƙinsa ne a tsare shi, kuma majalisa na da ta cewa a kan kuɗin tsaro da dokar 'yan sintiri: wa zai ɗauke su, wa zai hore su, wa zai hukunta su in sun yi zalunci. Abin da muke gudu shi ne a mai da kowane Bafulatani da kowane Buzu da kowane ɗan gudun hijira abin zargi. Mun ga inda wannan hanya ke kaiwa. A Janairun 1980 gwamnatin NPN ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Borno, ta jefa shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A 1983 aka kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, tattalin arziki bai gyaru ba, gwamnatin ma ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Mu kuma tuna mu ma baƙi ne a wani wuri. Rabin samarin ƙauyukanmu suna Legas da Abuja da Fatakwal da rani, kuma matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris 2025, a hanyarsu ta komawa gida Kano, kalmar da ta kashe su ita ce wadda waɗansu ke so mu fara jifan wasu da ita a nan.

Wani baƙon ma da ya fi cin gonakinmu ba daga Nijar ya zo ba, daga birni ya zo da takardar fili a hannu. Gonakin Ungogo da Dawakin Tofa da Gezawa suna komawa fulotai, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuwa diyyar amfanin gona da gini ta sani, ba ta san darajar ƙasar da aka yi shekara ɗari ana zuba wa taki ba. Majalisar jiha ba za ta iya canza wannan doka ba, amma tana iya bincikar yadda ake yanka filayen da yadda ake biyan diyya. Ba mu taɓa jin an yi wa ɗan takara wannan tambaya a dandali ba.

Laifin kuwa har da namu. Mu ne masu rubuta masu jawabi, mu ne masu yaɗa hotunansu a Facebook a kan kuɗin data, mu ne malaman zaɓe na wucin gadi, waɗansunmu kuma ma'aikatan da ke shirya takardun kasafin da ba a saki. Tun 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25, watau da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun isa su nemi kujerar da kansu, balle su yi wa mai nemanta tambaya. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a wannan jami'a, kuma abin da muka fi sani da ita shi ne bikin yaye ɗalibai da neman gudummawar mai girma ɗan majalisa. Muna ba da shawara ƙungiyoyin Ɗambatta, Makoɗa, Bichi, Minjibir, Dawakin Tofa, Bagwai, Shanono da sauransu, kowace ta rubuta tambayoyinta da Hausa a takarda ɗaya, ta miƙa wa kowane ɗan takara na kowace jam'iyya da zarar an gama fid da gwani, ta ba shi mako biyu. A kira taro a filin makarantar firamare ran kasuwa, a gayyaci limamai da masu unguwanni da matan da ke kai yara awo, a karanta amsar kowa da lasifika. Wanda bai aiko ba, a kira sunansa sau uku, a ɗaga farar takardar kowa ya gani, sannan a aiko mana da kwafinta mu buga a fitowa ta gaba.